Canon 600D ta hannu da ƙaramin lensi 50mm, bayan shekara 6 ina aiki da su

Ina da shekara 42 na fara riƙe kyamara. Kafin nan ko da waya ba na wani ɗaukar hoto, ni malamar firamare ce, daga makaranta sai gida sai hidimar yara, hoto a wajena abin da ake yi ne ranar sallah ko in ana neman fasfo. Yanzu kuma ga shi mata na tsayar da ni a gidan biki suna tambaya wace kyamara ce wannan, nawa take, a ina ake samu, wasu ma sun ɗauka wata mai tsadar gaske ce, to shi ya sa nace bari in zauna in faɗi komai a kanta yadda na same ta, mai daɗi da marar daɗi.

Abin da ya jawo ni ciki bikin 'yata ta fari ne a 2018. Mun ɗauko mai hoto, yaro ne mai ladabi ba shi da laifi, amma namiji ne, ranar kamu yana shigowa tsakar gida sai dattijai suka fara jan mayafi suna rufe fuska, wasu suka shige ɗaki, ƙanwar mahaifiyata ma cewa tayi in ya gama a kira ta. Da aka kawo albam na buɗe na ga amarya da ƙawayenta sun fi sau ɗari, amma matan da suka raine ni, waɗanda suka kwana uku a kan murhu saboda bikin nan, babu ko ɗaya a ciki. Kuma fuskar 'yar tawa ma an haska ta har ta koma wata daban. Wallahi abin ya tsaya min a rai wata da watanni. Da nace wa Abbansu ina son sayen kyamara ya ɗauka ta ɗaya daga cikin yaran nake nema wa, nace a'a tawa ce, yayi shiru kaɗan yace to Allah ya sa alheri. Da na ɗauki adashe a farkon 2019 na saya.

Canon EOS 600D ce, ta hannu, irin wadda ake cewa tokumbo. A Amurka sunanta Rebel T3i, a Japan kuma Kiss X5, duk abu ɗaya ne, na faɗa ne saboda in kin je shago kika ga an rubuta T3i a gabanta kar wani yace miki wata ce daban ya ƙara miki kuɗi. A 2011 aka fito da ita, kinga ko lokacin da na saya ta riga ta tsufa. Megafiksel 18 gare ta, wuraren saita fokas 9, wato inda take kama abin da zai fito da kaifi a hoto, tana ɗaukar hoto kusan 4 a daƙiƙa ɗaya in kin danne, batirinta LP-E8, memori SD take ɗauka irin wanda ko'ina ake samu. Ba ta da Wi-Fi, sikirin ɗinta ba a taɓa shi da yatsa, amma yana buɗewa gefe ya juya sama da ƙasa, kuma wannan juyawar ita ce rabin dalilin da ya sa har yau ban rabu da ita ba, zan zo kan wannan.

Kuɗin da na biya a lokacin ba zai amfane ki ba, tun da Naira ta faɗi a 2023 komai ya canza, abin da zai amfane ki shi ne abin da zaki duba. Ni da ɗana na je, shi ya karanta ya gaya min. Ki cire lensi ki haska shi da tocilan ɗin waya ki duba ciki, in kin ga wani abu fari-fari kamar yanar gizo-gizo to fumfuna ce, kayan da suka zauna a wuri mai danshi suna yin ta, ki ajiye ki nemi wani. Ki ɗauki hoton farin bango ko sararin sama da lambar f mai yawa, kamar 16 ko 22 (lambar faɗin ƙofar lensi ce, in ta yi yawa ƙofar ta tsuke, in ta yi kaɗan ta buɗe), ki ƙara girman hoton ki ga ko akwai ɗigo-ɗigo, wannan ƙura ce a kan sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a cikin kyamara, kaɗan ba matsala ana gogewa. Ki juya sikirin ta kowane ɓangare ki ga ko yana ɗaukewa. Ki danna kowane maɓalli. Kuma ki sa mai shagon ya haɗa ta da kwamfuta ya nuna miki sau nawa aka taɓa ɗaukar hoto da ita, don ita kyamarar ba ta nunawa a cikin menu. Mai shagon da na je sai da yace Hajiya ke kam kin zo da shiri, nace Malam kuɗin adashe ne.

Ta zo da lensin da aka saba haɗa ta da shi, 18-55mm, mai zuƙowa. Wata 4 ina amfani da shi a oto, koren akwatin nan inda kyamara ke saita komai da kanta, kuma gaskiya raina bai yi daɗi ba, a waje da rana hoto yana kyau amma da na shiga ɗaki sai filasha ta ɗago da kanta ta watsa wa mutane haske a fuska, goshi na ƙyalli bayan mutum baƙi ƙirin, daidai irin hoton da na tsana a albam ɗin can. Har na fara tunanin ko na yi asarar kuɗina. Ba laifin lensin ba ne, shi dai ƙofarsa ba ta buɗewa sosai, daga f/3.5 zuwa f/5.6, ɗakunanmu kuma kin san su, taga ƙarama ga labule mai kauri.

Sai na sayi EF 50mm f/1.8 STM. Wannan ɗan abu, nauyinsa giram 160 ne kawai, yana cikin lensi mafi arha da Canon ke yi, shi ya buɗe min ido. Ki kula akwai tsohonsa mai lamba II wanda gindinsa roba ne, shi kuma STM na 2015 gindinsa ƙarfe ne kuma ya fi shiru wajen fokas, in da hali shi zaki ɗauka. Ranar farko na zaunar da autata a bakin ƙofar kicin wajen la'asar, na buɗe shi zuwa 1.8 na danna, da na kalli sikirin sai da na zauna a kan turmi. Idonta ya fito tar, su tukwane da igiyar shanya da bokitin da ke bayanta duk sun narke sun zama launi kawai, babu filasha babu komai, hasken Allah ne kaɗai da ya shigo ta gefe ya kwanta a kuncinta. Shekara 42 ina wucewa ta bakin ƙofar kicin irin wannan ban taɓa lura haske yana da gefe ba.

Amma kar in yaudare ki, lensin nan yana da wuyar sha'ani da farko. Ba ya zuƙowa, ƙafarki ce zata yi aikin, in kina son kusa ki matsa in kina son nesa ki ja baya. Kuma saboda sensar 600D ƙarama ce, 50mm a kanta yana zama kamar 80mm a kyamara mai babbar sensa, wato ya matse sosai, a ɗakin amarya sai ki jingina da bango kuma har yanzu mutum biyu kawai ke shiga. Sau nawa ina tsayawa a waje ina ɗauka ta ƙofa. Ga shi a 1.8 wurin da ke fitowa da kaifi siriri ne ƙwarai, in fuska ta ɗan karkata ido ɗaya zai fito ɗaya ya dushe, na ɓata hotuna da yawa kafin na gane in bar shi a 2.2 ko 2.8 in ba duhu ya matsa min ba. Ba shi da abin hana girgiza kuma, don haka ba na barin saurin shota, wato saurin ƙiftawar kyamara, ya sauka ƙasa da 1/100 na daƙiƙa in a hannu nake riƙe da ita, da yara ma 1/250. Duk da haka ina ganin rashin zuƙowar nan shi ya koya min aiki, saboda ya tilasta min in yi tunani kafin in ɗaga kyamara, ina zan tsaya, me zan bari a ciki me zan fitar, har ya kai yanzu ina shiga gida idona ya riga ya yanka min hoton tun kyamara na cikin jaka.

To sikirin mai juyawa. Mu mata, musamman manya, ba ma son a ɗaga abu a saita mana fuska, da kin kai kyamara ido kin rufe fuskarki da ita shi kenan an daina hira, kowa ya gyara zama ya daskare, wata ta ja gyale. Amma in na ɗora ta a cinya na buɗe sikirin na juyo shi sama, kaina a sunkuye kamar mai tsintar shinkafa, fuskata a buɗe ina amsa magana ina dariya, sai a manta da ita. Ba wai ɗaukar sata nake yi ba, na riga na nemi izini kowa ya san abin da na zo yi, kawai dai jiki ne ke sakewa.

Da haka na ɗauki hoton da na fi so a duk rayuwata. Gwaggona, yayar mahaifina, tana wani ƙauye ta wajen Bichi, tana cikin 'yan tsirarun da suka rage suna kaɗi. Na je mata da hunturu, na gaishe ta na ce Gwaggo so nake in ɗauki hannunki kina aiki, tace ke 'yar nan me za a gani a hannun tsohuwa, nace ni dai ki bar ni, tace to ki yi abinki amma ban da fuska. Ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta da hantsi, ƙafa a miƙe, audugar da ta riga ta gurza ta shiɓe tana cikin taskira a gefe. Tana dangwalo alli da yatsa ta murza mazari, ya dinga juyawa a cikin 'yar tasarsa, hannun hagu a sama yana sakin auduga a hankali zare na fita siriri. Rana ta shigo ta bayanta, ga ɗan hazo ya tausasa ta, sai zaren nan ya kama haske ya zama kamar an ja layi da farar wuta daga yatsunta zuwa ƙasa, ƙananan gashin auduga na yawo a iska kowanne yana ƙyalli. Na zauna a ƙasa a kan tabarma na fi awa ɗaya, kyamara a cinya, tana ba ni labarin yadda a da kowace amarya sai an kai ta da mazari, da yadda masaƙa ke zuwa har gida sayen zare da abawa. Na ɗauki wajen 60, guda 1 ne ya dace, inda mazari ya ɗan dushe saboda juyawa amma yatsun da allin da ke kansu da tsagar fatar duk suka tsaya cak. A 1/125 ne, f/2.8, ISO 200, shi ISO ma'aunin yadda kyamara ke jin haske ne, ana ƙara shi a duhu. A ranar na san abin nan ya wuce sha'awa a wajena.

Sai dai ga inda shekarunta ke nunawa, in kina kallo ta sikirin fokas ɗinta a hankali yake, zata yi gaba ta yi baya tana nema kafin ta kama, in mutum yana motsi kin rasa shi. Ta tagar leƙe ta sama tana da sauri, musamman wurin fokas na tsakiya wanda ya fi sauran 8 ɗin ƙarfi, ni shi kaɗai nake amfani da shi. Abin da nake yi in ina kan sikirin, na mayar da lensi manuwal, na danna maɓallin ƙara girma sau 5 ko sau 10, na murza da hannu har sai gashin ido ya fito, sannan na jira. Ya ɗauke ni kamar wata 3 kafin hannuna ya saba. In ba ki da haƙurin wannan ki karanta har ƙasa akwai waɗanda suka fi ta a nan.

Maganar fata kuma, wannan ita ce ta fi damuna kuma a nan na fi yin faɗa. Kyamara tana auna haske ne tana ƙoƙarin mayar da komai tsaka-tsaki, to in mace baƙa ta sa farin hijabi ko farin leshi sai farin ya ruɗe ta ta rage haske fuska ta nutse, in kuma bango mai duhu ne da kaya masu duhu sai ta ƙara fuska ta yi toka-toka. Akwai maɓalli a baya mai alamar Av da ƙari da ragi, ki danne shi ki murza, shi ne maganin, da fararen kaya nakan ƙara kamar kashi biyu cikin uku zuwa ɗaya a kan ma'aunin da ke fitowa ina duba kar leshin ya ƙone, in kin buɗe bayanin hoto wurin da ya ƙone yana ƙyaftawa. Kuma ki ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoto da kyamara ba ta sarrafa ba, fayil ɗin yana da nauyi, kowanne ya haura megabait 20, amma shi ke ba ki damar dawo da inuwa ki gyara launin ƙwan lantarki ba tare da hoto ya lalace ba, Canon suna da manhajarsu kyauta ta buɗe shi a kwamfuta, Digital Photo Professional. A gaskiya launin fatarmu yana fitowa da kyau a kyamarar nan in kin ba ta haske mai kyau, akwai ɗumi a ciki, jan lalle yana fitowa da zurfinsa. Jan atamfa mai ƙarfi ne kawai wani lokaci yake cika yawa a JPEG, wato hoton da kyamara ta sarrafa da kanta, har zanen ya ɓace, shi ya sa na bar salon launi a Neutral ko Faithful.

Wata amarya, 'yar maƙwabciyata, yarinya baƙa mai kyau kamar ita ta yi kanta, bayan na ɗauke ta ta matso kusa da kunnena tace Anti dan Allah in zaki gyara ki haska ni sosai. Nace zo ki gani. Na kai ta bakin taga na sa ƙanwarta ta riƙe farin zani ta ɗaya gefen ya dawo da haske, na ɗauka na juyo mata sikirin, ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba, can tace Anti haka nake? Nace haka kike tun da aka haife ki. Ni ba na canza wa mutum launi, ƙurji zan cire, maiƙon goshi zan rage, amma in mayar da baƙa fara ba zan yi ba, na rasa aiki saboda haka ba sau ɗaya ba kuma ban yi nadama ba. Yaranmu mata suna ganin hotonsu da aka wanke musu fata har su fara jin kunyar madubi, daga nan sai mai, ni malama ce ina ganinsu tun suna aji uku.

Da dare kam 600D tana shan wahala, ba sai an ɓoye ba. ISO ɗinta yana kaiwa 6400, har ana iya tura shi 12800, amma ni a 1600 nake tsayawa, 3200 sai dole, daga nan hoto zai fara yin yashi-yashi musamman a inuwa da kan baƙar fata. Wayoyin yanzu masu tsada sun fi ta dabara a duhu, gaskiya ce. Dina a babban ɗakin taro mai fitilu kala-kala ba wurinta ba ne sai da filasha ta waje, daga baya na sayi wata mai arha ina harba ta sama ta daki silin ta dawo a tausashe. Amma ni yawancin aikina da rana ne, wuni da suna da kamu da sa lalle, don haka bai cika damuna ba.

Batir, Canon sun ce guda yana ɗaukar hoto kusan 440 in ta tagar leƙe ne, in kuma ta sikirin ne kamar yadda nake yi bai kai rabin haka ba, ga rashin wuta, don haka guda 3 nake yawo da su da 'yar caja mai shiga pawa bank. A nan aka taɓa cuta ta, wani shago ya sayar min da batir yace orijina ne har da kwali, ashe jabu ne, ana tsakiyar sunan jikar ƙawata ya mutu yana nuna cike, bayan sati biyu ma ya kumbura da ƙyar ya fita daga cikin kyamarar. Haka memori, akwai na jabu da yawa a kasuwa, a rubuta 64 a jiki alhali cikinsa ko kusa bai kai ba, sai kin cika shi hotuna su ƙi buɗewa. Ki saya a inda zaki iya komawa, kuma gara ƙanana guda biyu ko uku da babba guda ɗaya.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabarta a nan Kano, jikinta ba a toshe yake ba irin na manyan kyamarori. Da hunturu ba na canza lensi a waje ko kaɗan, sai a ɗaki, bakinta na kallon ƙasa. Ina da 'yar roba mai hura iska da ƙyalle mai laushi, kar ki goge gilashi da bakin mayafi, ƙurar hunturu tana da kaifi tana karce shi. Da damina kuma ina ajiye ta a roba mai murfi da 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa a kwalin takalmi. Sau 2 kawai na kai ta aka goge sensa a shekara 6.

Rashin Wi-Fi mutane ke gani a matsayin babban aibi, eh yana ɓata lokaci, sai kin cire memori kin sa a kad rida kin haɗa da waya ko kwamfuta, 'yan mata kuma suna tsaye a kanki Anti turo min yanzu. Ni kuwa ya zame min kariya. Hotunan da nake ɗauka amana ce, matan aure ne ba mayafi a cikin ɗakunansu, sun yarda da ni ne saboda ni mace ce kuma sun san gidanmu. Komai sai na koma gida na zauna na tace, kowacce na tura mata nata ita kaɗai, ba na sakawa a guruf, ba na ba wa kowa memorina ko da ɗana ne, kuma babu hoton da ke hawa intanet sai mai shi ta ce na yarda, in matar aure ce ma sai in ce ta fara shawara da mai gidanta. Duk wadda zata shiga harkar nan ta riƙe wannan fiye da duk wani saiti da na lissafa, hoto ɗaya in ya fita inda bai kamata ba aure zai iya mutuwa.

A shekara ta uku na daina jiran sai an gayyace ni biki. Ɗana ya nuna min aikin J.D. 'Okhai Ojeikere, mai hoton nan ɗan Najeriya da ya fara ɗaukar kitso da gyaran gashin mata a 1968 ya tara kusan dubu, yawanci ta baya yake ɗauka, baƙi da fari, babu komai sai kai da wuya. Na kwana ina kallo. Nace to mu namu fa, shuku da kalaba da doka da zane iri-iri da tsofaffin makitsa suka iya waɗanda yaran yanzu ba su ma san sunansu ba, wa yake ajiye su? Kuma ɗauka ta baya ta warware min matsalar fuska gaba ɗaya. Tun daga nan duk Asabar ina gidan wata makitsiya a unguwarmu, in an gama wa yarinya, da izinin uwarta, in zaunar da ita a inuwar zaure in ɗauka, in rubuta sunan kitson da wadda ta yi shi a littafi. Na kuma ga na Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe wurin hotonsa a 1948 yana ɗaukar mutane a tsakar gida da hasken rana da zani mai zane a bayansu, daga wajensa na samu ƙarfin gwiwar rataya atamfa a igiyar shanya in mayar da ita bango. Lensin 50mm ɗin nan kamar don wannan aikin aka yi shi, yana matsowa har santimita 35, kowace tsaga da kowane silin gashi yana fitowa.

Hawan sallah na gwada sau ɗaya a Hawan Daushe da aron lensi mai tsawo, dawakai sun fi ƙarfin saurinta da nawa, na samu 'yan kaɗan masu kyau na bar wa masu shi. Bidiyo tana yi har 1080, akwai ma wurin saka makirfo, amma ba ta bin mutum da fokas in yana tafiya kuma tana yankewa in fayil ya kai gigabait 4, wajen minti 12 kenan, in bidiyo ne a ranki ki nemi wata.

Abu na ƙarshe da na ƙara mata shi ne EF-S 24mm f/2.8 STM, ɗan fale-fale kamar murfin kwalba, shi ya magance min matsin ɗaki, yanzu 24 na ciki 50 na fuska, na 18-55 yana cikin durowa. In zaki fara kuma kuɗinki kaɗan ne, ki sayi 600D mai lafiya ki sa ragowar kuɗin a 50mm, kar ki kwashe komai ki zuba a jikin kyamara ki zauna da lensin da ta zo da shi. In kuɗin ya ɗan fi haka ki duba 200D ko 800D, dukkansu na 2017 ne, sikirin ɗinsu yana juyawa kuma ana taɓawa, suna da Wi-Fi, fokas ɗinsu ta sikirin yana da sauri sosai, wato sun gyara daidai abin da na yi ƙorafi a kai. Lensin kuma ba asara ba ne, ko nan gaba kin koma sababbin Canon waɗanda babu madubi a cikinsu irin na 600D, akwai mahaɗi da ake sawa su hau. Ni dai tawa robar riƙonta ta fara saki na manne ta, rubutun wasu maɓallan ya goge, amma ba ta taɓa ƙin tashi ba.

Kuma ki riƙa wanke hotunanki, kar ki bar su a waya. Megafiksel 18 ya isa a wanke babba a sa a firem ba tare da ya fashe ba, na gwada. In zan wanke na mata da kaina nake zuwa in tsaya a kan mai kwamfutar har ya gama ya goge a gabana, kuma ina gaya masa tun farko kar ya taɓa launi. Na hannun Gwaggo na wanke guda biyu, ɗaya yana falona ɗaya na kai mata bayan sallah. Ta karɓa ta matsa bakin ƙofa inda haske yake, ta kawo shi kusa da ido ta nisanta shi, ta bi zaren da ɗan yatsa daga sama har ƙasa, sannan tace ke 'yar nan ai da kin gaya min haka zai fito da na zaɓi auduga mai kyau, dubi nan ya yi kauri. Ta sa jikanta ya buga ƙusa a saman gadonta, tace in audugar bana ta zo zata aiko a kira ni in sake.